Ranar da Sarkin Noma Ya Ƙi Amsa Gaisuwa

Jikana ne ya tono wannan magana, ba ni ba. Ina zaune a ƙofar gida da hantsi ina ɓarar gyaɗa, ban tsokani kowa ba, sai ga shi ya miƙo mini waya dab da hanci, ya ce, "Tsoho, ina kwana? Yi wa duniya bayani a kan famfon unguwar nan da ya mutu." Na dubi wayar, na dube shi, na ce, "Da zare ko babu zare?" Ya yi tsaye baki buɗe, ya ce wane zare kuma, ko ruɗewar tsufa ce ta fara? Na ce ruɗewa tana can ɗakin kakarka, je ka gaishe ta. Bayan ya tafi na ga yaron bai yi laifi ba. Tambayar nan a da kowa a garinmu ya san ta, har yara na yi wa juna ita a dandali, amma waɗanda suka san tushenta duk sun kwanta dama, saura ni. Shi ya sa na nemi biro. Mai karatu ya yi haƙuri da rubutun, don makarantar boko ta ƙofa na shige ta, ta taga na fito, kuma abin da na tsira da shi bai wuce karanta sunan gari a jikin mota ba.

Lokacin da nake saurayi, gemu ya fara tsirowa amma bai yanke shawarar zama ba, rediyo ɗaya ne a duk garinmu, wani ɗan ƙauye a ƙasar Kusada. Gwamnati ce ta aiko da shi. Akwati ne na katako, girmansa kamar ɗan akuya a kwance, batirinsa kuwa nauyin dutsen niƙa gare shi. Maɓalli biyu aka halicce shi da su, na kunnawa da daidaita ƙara, da na neman tasha, amma na neman tashar an cire shi tun daga can, an toshe ramin. Malamin da ya kawo shi ya ce an yi haka ne don kada mu wahala da nema. Muka yi godiya ƙwarai da wannan tausayi. Aka ajiye shi a zauren Maigari bisa wani turmi da aka kife, aka ɗinka masa riga da ragowar yadi, kuma ba mai taɓa shi sai Maigari da hannunsa, bayan an idar da la'asar.

Har yanzu in na rufe ido ina jin yadda gari ke yin tsit a wannan lokaci. Luguden daka ya tsaya ɗaya bayan ɗaya, masu kiwo su kora awaki da sauri, mata su jeru a bayan danga suna leƙe ta tsakanin kara. Akwatin ya fara da wani shuu kamar an jefa ƙosai a mai, sa'an nan murya ta fito, mai kauri, mai natsuwa, irin ta mutumin da bai taɓa yin noma ba. Labaran kuwa ko yaushe kusan ɗaya ne. Mai girma ya tafi rangadi, mai girma ya dawo daga rangadi, mai girma ya aza harsashi, mai girma ya yi kira ga manoma da su ƙara himma. Mu da muka yini a sunkuye sai mu gyaɗa kai, mu ce lallai mai girma ya san aiki. Duk gardamar da ta tashi a garin, ko ta ganin wata ce ko ta farashin auduga, da wani ya ce "rediyo ya faɗa" an rufe ta ke nan. Wata rana kuma a kunna a ji badujalar soja kawai, ba magana, sai dattawa su dubi juna su ce an yi sauyi a sama. Kashegari muryar nan dai, ita ɗin, ba ko tari, ta shiga lissafa mana ɓarnar mai girman jiya da alherin mai girman yau. Ba mu taɓa ganin abin mamaki a ciki ba. Mun ɗauka haka aikin yake, kamar maroƙi da sabon ango.

Mahaifina shi ne Sarkin Noman garin. Wurin zamansa a zauren nan sananne ne, tabarmar da ke hannun daman Maigari, kuma ba a yanke wata magana ta gari sai an ji ta bakinsa. Dogo ne, mai sanyin magana, kuma ban taɓa ganin mai riƙon gaisuwa kamarsa ba. In ya tare ka a hanya sai ya gaida gidanka ɗaki ɗaki, ya gaida gonarka, ya gaida jakinka. Haka aka tarbiyyantar da mutanen zamaninsu. Ko gobara ce ta kawo ka wurin babba, sai ka fara cewa lafiya lau, ka gode wa Allah, ka gode wa mai gida, sa'an nan a hankali ka ce, "Sai dai fa..." Wanda ya fara da kuka kafin gaisuwa, ana cewa ba a haife shi a cikin mutane ba.

To, a wata shekara damina ta yi rowa, rijiyar garin ta ƙafe. Ita ke nan gare mu. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, in aka ce a ƙara zurfi sai gefe ya rufto, don haka sai da zoben siminti, shi kuma a lokacin gwamnati kaɗai ke da shi. Mata suka koma ɗibar ruwa wajen Mawashi. Su fita da sanyin asuba da tuluna, ba su dawo ba sai rana ta take. Inna, mahaifiyata, har wuyanta ya kumbura, tana shafa masa man shanu. Alwala ma sai da dabara. Ana cikin haka sai saƙo ya zo cewa motar gidan rediyon gwamnati za ta zo Kankia don jin ta bakin manoma, kowane gari ya tura mutum ɗaya. Ba a yi gardama ba aka ce Sarkin Noma. Maigari ya ce masa a gaban kowa, "Ka ga halin da ake ciki. Ba mu aike ka da komi ba sai rijiya." Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, in sha Allahu za ta isa."

Ni na goya shi a keke. Muka tarar da ƙofar hakimi cike, ga motar a ƙarƙashin bishiyar bedi, ga wani matashi da farar riga ya toshe kunnuwansa da wasu ƙoƙuna biyu. A gabansa akwai na'ura mai faranti biyu suna juyawa, wani siririn zare mai launin ƙasa yana tashi daga ɗaya yana naɗewa a ɗayan. Aka ce a jikin zaren nan magana ke kwanciya. Da layi ya zo kan Baba, ina tsaye a bayansa, kunnena ya ji komai. Matashin ya ce, "Baba, ina gajiya?" Baba ya ce ba gajiya. Ya damina? Alhamdulillahi. Ya mutanen gari? Lafiya lau suke. Wane saƙo gare ka ga gwamnati? Baba ya gyara murya ya ce, "Mun gode, mun gode, Allah shi ƙara ɗaukaka." Ya ja numfashi. Sa'an nan ya ce, "Sai dai fa..." ya kwashe zancen rijiya tun daga tushe, da rairayin, da zoben siminti, da wuyan mata, bai rage komai ba. Ni kaina ban san ya iya tsara magana haka ba. Matashin yana ta gyaɗa kai, a ƙarshe ya ce, "Baba, maganarka ta isa inda ya kamata." A hanyar dawowa Baba har ƙosai ya saya mana.

Ranar da za a sa shirin, zauren Maigari bai ɗauki mutane ba, sai da aka fito da akwatin waje. Har tsofaffin da ba su fita aka kamo hannunsu. Aka ambaci sunan garinmu, mata suka yi guɗa a bayan danga. Sai ga muryar Baba, tsaf, kamar yana zaune a cikin katakon. Ba gajiya. Alhamdulillahi. Lafiya lau suke. Mun gode, mun gode, Allah shi ƙara ɗaukaka. Muka gyara zama muna jiran "sai dai fa". Sai muryar nan mai kauri ta dawo ta ce, jama'a kun dai ji daga bakin manomi da kansa, babu abin da ya dami mutanen karkara. Aka saki goge.

Ba wanda ya yi motsi. Wanda ya fara magana shi ne Ɗanlami, taubashin Baba, wanda tun suna yara ba ya raga masa. Amma ranar nan babu wasa a muryarsa. Ya ce, "Taubashi, ashe lahiya lau muke? Ai da ka hwaɗa mana tun da wuri, da matanmu sun huta da hanyar Mawashi."

Mai karatu na yanzu zai ce ai yanke maganar aka yi, mene ne abin wahala a nan? To a lokacin ba mu san ana yanka magana ba. A saninmu, abin da ya fita daga baki ya fita ɗungurungum, da kansa da wutsiyarsa. Muryarsa ce, kowa ya shaida ta, kuma rediyo ya faɗa. Saura abu biyu kawai, ko dai ya ga manya ya tsorata, ko an sa masa wani abu a aljihu. Baba ya ce wallahi ya isar da saƙo. Kowa ya kau da kai. Na miƙe na ce ina wurin, da kunnena na ji. Wani ya ce ɗa ne ke shaidar ubansa, wani ya ce kuma wane ɗan, wanda ya taɓa rantsuwa cewa ya ga kura tana tuƙa keke a kasuwar Rimaye? Wannan kam gaskiya ne na faɗa, amma don nishaɗi na faɗa, ban san za a ajiye mini shi ba.

Daga ranar sunan Baba ya koma Lafiya-lau. Ba a faɗa a gabansa, amma in mata sun dawo da tuluna, suna isowa ƙofar gidanmu sai wata ta ɗaga murya ta ce wa 'yar'uwarta, "Ya wuya?" ɗayar ta ce, "Lahiya lau, mun gode!" A bakin ruwa kuwa aka daina kama wa Inna tulu ta aza a ka, sai ta jira wata baƙuwa ta taimaka mata. Ba ta taɓa faɗa wa Baba ba, ƙanwata ce ta gaya mini. Wata la'asar Baba ya shiga zaure ya tarar da Ɗanlami zaune a tabarmarsa. Ya dubi Maigari, Maigari ya dubi rediyo. Baba ya juya ya zauna a bakin ƙofa wajen takalma, kuma nan ya ci gaba da zama kullum, bai fasa zuwa ba. Abinci kuwa sai a ɗauke kwanonsa kamar yadda aka kawo.

Hasken abin daga kasuwar Kankia ya zo. Akwai wani mutumin kudu, Kirista, ana ce masa Sande, yana sayar da batir da fitila da kayan keke, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa karin magana da 'yan kasuwa. Na je sayen facin tayar keke, hira ta kawo hira, na ba shi labari. Ya yi dariya har da dukan cinya. Ya ce, "Kai, ɗan Sarkin Noma, ai wannan aikin reza ne! Ƙanena ya taɓa share ofis a irin wurin nan." Ya ɗauki wani tsohon tsiri na roba, ya yanke tsakiyarsa, ya haɗa bakin biyu ya nuna mini. Ya ce, "Inda mutum ya tsaya ya yi numfashi, nan suke sa reza. Su jefar da wanda ba su so, su liƙe sauran." Na taka keke kamar ana kora ta, na kai labari zaure. Ɗanlami ya ce, "To, madalla. Reza tana aski, tana yanke farce, yanzu kuma ta fara yanka magana. Gobe sai mu ji ta yanka tunani." Aka fashe da dariya. Baba kaɗai bai yi ba. Da muka koma gida ya kira ni ya ce, "Mi mutumin ya ce? Inda aka yi numfashi?" Na ce e. Ya ce to, ya ci gaba da jan carbinsa.

Ashe can birni shirin ya yi farin jini. Wai an ji daɗin muryar tsohon nan mai godiya, har ana son a zo garinsu a nuna shi a matsayin garin misali. Da saƙon ya iso Maigari ya rasa inda zai sa kansa, amma baƙon gwamnati ba a ce masa a'a. Aka share gari, aka kira makaɗan gangar noma, aka sa mata suka ƙara sawu zuwa Mawashi don a sami ruwan yayyafa wa fili da na ba baƙi. Motar ta iso da yamma, matashin nan dai mai ƙoƙuna a kunne ya fito, ya ce ina Sarkin Noma? Aka nuna shi can wajen takalma. Aka kawo shi tsakiyar fili, duk gari ya kewaye, faranti biyu suka fara juyawa.

"Sarkin Noma, barka da yamma. Ina wuni?"

"Rijiyarmu ta ƙafe," in ji Baba.

Wata tsohuwa ta ce subhanallahi. Dattijo kamar wannan, a gaban baƙo, a gaban Maigari, a ce an gaishe shi bai amsa ba! Matashin ya yi murmushi ya ce, "To Baba, za mu zo nan. Ya iyali?"

"Suna hanyar Mawashi da tuluna, rijiyarmu ta ƙafe."

"Amfanin gona fa, Baba?"

Sai Baba ya cika ƙirji da iska, ya saki magana a zare ɗaya ba tsayawa: "Gero rijiyarmu ta ƙafe ya ɗan yi dawa rijiyarmu ta ƙafe ba ta yi ba wake rijiyarmu ta ƙafe tsutsa ta ci gwamnati rijiyarmu ta ƙafe muna son zoben siminti rijiyarmu ta ƙafe." Jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya yi ja, amma bai bar wa reza ko gurbin tsinke ba.

Maigari, gumi na zuba daga ƙarƙashin rawani, ya ce, "Haba Sarkin Noma, baƙi ne fa. A amsa masu gaisuwa mana."

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, na amsa a Kankia, ita suka kai. Yau saƙon nake son su kai."

Matashin ya sa hannu ya tsayar da na'urar, ya cire ƙoƙunan. Ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya, amma da yake fili ya yi tsit kowa ya ji. Ya ce, "Baba, ka yi mini rai. Ni ma ɗan aike ne. Duk abin da na kai, akwai mai saurara kafin ya fita. In wannan ta fita, ni ma na fita." Baba ya dubi farantan ya ce, "Yanzu zaren ya tsaya?" Ya ce ya tsaya. Sai Baba ya miƙa masa hannu biyu ya ce, "To sannu da zuwa, ɗana. Lahiya lau muke, alhamdulillahi. Ya hanya? Ya ka baro mutanen gida? Mahaifanka suna da rai?" Ya gaishe shi tsaf har sai da yaron ya sunkuyar da kai.

Da ranar shirin ta zo, ba a buƙaci a kira kowa ba. Aka ambaci garinmu, aka ce wakilinmu ya tarar da jama'a cikin walwala da annashuwa. Aka sa gangar noma. A bayan gangar ana jin jakin Ɗanlami yana kuka, tun daga farkon kukan har shessheƙar ƙarshe, ba a taɓa masa ko kaɗan ba. Muryar Baba kuwa ko tarinsa babu. Wannan karon ba ɗansa maƙaryaci kaɗai ne shaida ba. Duk gari ya ji abin da ya shiga zaren, duk gari ya ji abin da ya fito.

Ɗanlami ya miƙe, ya ɗauki tabarmar ya kakkaɓe ta, ya sake shimfiɗawa. Ya ce, "Taubashi, taso ka karɓi abinka, tabarmar nan cizo take, tun da na hau ta ban yi barcin kirki ba. Kuma ka sani, jakina ya shiga rediyo, kai an hana ka. A riƙa girmama shi." Baba ya taso daga wajen takalma, bai yi sauri ba, ya zauna. Maigari ya miƙa hannu ya rage ƙarar akwatin, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ana cikin labarai, ya ce, "Sarkin Noma, mi ka gani game da rijiyar nan?" Kashegari Inna ta dawo daga ruwa tana faɗa, wai mata sun yi mata rubdugu wajen aza tulu har sun kusa fasa shi. Da safen nan Ɗanlami ya leƙo zaurenmu ya ce, "Taubashi, ina kwana?" Baba ya leƙa bayansa, ya leƙa aljihunsa, ya ce, "Da zare ko babu zare?" Ya ce babu. Baba ya ce, "To lahiya lau."

Kada in yi ƙarya, zoben siminti bai zo a shekarar ba. Gayya Baba ya kira, aka fito har da na ƙauyukan gefe, aka yashe rijiyar aka ɗaure gefenta da duwatsu da itacen kirya, ta ɗan riƙe mu. Zoben sai bayan an sake badujala ya iso, kuma mun ji a rediyo an buɗe rijiyar tun yana cikin mota.

Yanzu tasha ta fi a ƙirga. Maɓallin da aka cire mana ya dawo hannun kowa, yaro na kiwo yana jin abin da ake faɗa a ƙasashen da ban iya kiran sunansu ba. Rediyon gwamnati yana nan, mai girma bai gama rangadi ba har yau. Na masu kuɗi kuma kowanne da nasa mai girman. Ba a taruwa a ji tare, balle a dubi juna a gane an yi yanka, kowa da abinsa a kunne yana gyaɗa kai shi kaɗai.

Jikan nawa ya dawo da yamma, na karanta masa abin da na rubuta, yana gyara mini inda na tsallake. Ya yi dariya ya ce, "Tsoho, ai yanzu babu zare. Ka yi maganarka kawai, in na je ɗaki zan ɗan gyara ta kafin in sa." Na ce za ka me? Ya ce gyara, a rage tsawo. Na ce to, kunna. Ya ɗaga wayar, ya gyara tsayuwa, ya ce, "Kaka, ina wuni?"

Na ajiye gyaɗar, na cika ƙirji da iska.